Addu'a Tara a Ƙarƙashin Gada

Dokata a rafi ɗaya ce, kuma duk yaran unguwarmu a Kafanchan sun san ta. In ina wanki yaro ya yi nutso, sai in fara Addu'ar Ubangiji, wadda muke yi a coci, a zuci. In na kai "Amin" kansa bai fito ba, ranar zai sha tsumagiya. Ban san agogo ba, da wannan nake awon numfashin 'ya'yan mutane. Ruwa ya ci ƙanena ina tsaye ina kallo, shi ya sa.

Cikin waɗanda na zane babu wanda ya sha kamar ɗana na biyu. Shi ne kuma ya tafi Legas bayan yaƙin basasa, ya koyi sana'ar nutso. Duk zuwansa hutu sai ya durƙusa ya ce in sa wa aikinsa albarka, ni kuwa in ce ya tashi tuwo na hucewa.

Ba ya fushi. Sai ya zauna yana taya ni ɓarar gyaɗa, yana ba ni labarin tekun da aka kai su koyo. Wai akwai bangon dutse a ƙasan ruwa, ya gangara har ido ya gaji, jikinsa duk furanni masu motsi. Wai wani kifi mai faɗin tabarma ya wuce ta samansa, har inuwa ta rufe shi.

Na ce, "Kifin ya tambayi lafiyar uwarka?"

Damina biyu bayan an canza kuɗi zuwa naira, ambaliya ta daki gadar jirgin ƙasa, aka turo kamfaninsu su duba ƙafafunta. Na ce ba zan je ba. Da hantsi ga ni a bakin ruwa.

Ya sa baƙar rigar roba, ya goya tulun ƙarfe kamar mai jego. Ya ce, "Mama, iska ce a ciki. Ki duba kumfa. In tana tasowa, numfashina ne."

Ya shige ruwa. Na fara addu'a, na kai "Amin." Na sake. A ta huɗu na lura ina riƙe da reshen da ban san sanda na karyo shi ba. Abokin aikinsa mai riƙe igiya ya ce, "Mama, wa za a daka?" Idona na kan kumfa: ta taso, ta tsaya, ta taso, a natse, kamar yadda cikinsa ke yi yana jariri in ya ƙoshi da nono.

A ta tara ya ɓullo. Ya cire abin shaƙar iska daga bakinsa yana dariya.

"Mama, akwai wata tarwaɗa a gindin gadar nan, ta kai turminki! Gemunta har ya yi fari. Ta dube ni irin kallonki sak."

"Fito nan."

Ya fito yana ɗiga, ya ga reshen, ya juyo mini baya, ƙato da shi, a gaban mutane. Na yar da reshen. Na ɗora hannu a kansa mai sanyi, na faɗi abin da ya shekara biyar yana roƙo.

Sannan na ja kunnensa, ba da wasa ba. "Tsohuwar tarwaɗar can ta ƙasa, kada wanda ya taɓa ta."