Karen da 'Yan Gayya Suka Nema wa Gida

Wata Laraba ce a kakar shekarar da Nijar ta samu 'yancin kai, ina da shekara tara, Inna ta aike ni kai wa masu cirar gyaɗa fura a gonarmu da ke bayan garin Sarkin Hausa. Ina tafe da ƙwarya a ka sai na ji kuka daga wata tsohuwar rijiya da ta rufta, wadda kullum ake ja mana kunne a kanta. Ni kuwa da ma ba jin magana nake ba, na leƙa. Wani jan kwikwiyo ne a kan rairayi, duk ya rame, ƙafarsa ɗaya ta baya a karye, ya ɗago kai yana dubana. Na ajiye ƙwaryar, na zame na shiga, na fito da shi a cikin zanena. Fura ba ta isa gona ba sai da rana ta take, na kuwa sha faɗa.

Kwana huɗu na ɓoye shi a ƙarƙashin rumbun hatsi. Na ɗaure masa ƙafar da kara da tsumma yadda na ga ana yi wa akuya, ina rage tuwona ina kai masa, ina daka ina satar kallon rumbu. Na sa masa suna Ɗan Ja. Da ya ji ƙarfi sai ya rarrafo tsakar gida, ya rasa inda zai sa baki sai akushin Baba. Inna ta wanke akushin nan sau bakwai, tana ƙirgawa da ƙarfi don in ji. Baba ba mugu ba ne, amma shi ke jan salla a ƙofar gidanmu. Ya kira ni ya ce, "Hadiza, kin yi aikin lada. Amma wanga kare ba ya zama gidanga. Kahin ranar kasuwa a san inda za a kai shi, in ba haka ba a kore shi daji." Saura kwana biyar, kuma na san kura ba za ta bar mai ƙafa uku ya ga wani sati ba.

A lokacin, in kaka ta yi, mazan unguwa kan haɗu su bi gonaki ɗaya bayan ɗaya suna cirar gyaɗa, ladansu fura da goro da kiɗa. Ita ce gayya, kuma ƙanen Inna, Kawu Idi, shi ke ja musu gaba. Na same shi ina kuka da majina. Ya yi dariya har ya gaji, sannan ya kai maganar gaban mutanensa. Da wasa suka fara, har abin ya zama nasu. Kowace safiya sai a sa Ɗan Ja a kwando a ɗora wa jaki, a tafi da shi gonar da ake aiki, makaɗi ya yi shelar ana neman mai riƙon kare, ni kuma ina biye da ƙwaryar fura. Wani maharbi ya taya, amma da ya murɗa ƙafar har kwikwiyon ya yi ƙara, Kawu ya karɓe abinsa. Wani direban kamiyo, babbar motar nan mai ɗaukar buhunan gyaɗa, ma ya so, aka ce wanda ba ya kwana biyu a gari ɗaya ba zai iya ba.

Ana gobe kasuwa gayya ta faɗa gonar Iya Abu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka tafi ci-rani. Gonar a bakin daji take, kurege da gafiya sun tone rabin gyaɗar. Ta daɗe tana duban kwandon, sannan ta ce, "Ni ban da abin ba shi sai ƙanzo." Kawu ya ce, "Iya, shi ma bai da abin ba ki sai haushi." Kafin la'asar sun kafa masa 'yar rumfa ta kara a bayan dangarta, nesa da tukwane, aka kuma yi shawara kowane gida zai riƙa aika ragowar tuwo.

Sai bayan wata biyu Inna ta bar ni na je. Na kira sunansa daga nesa, ya taho da gudu yana ɗingishi, ya yi ƙiba, yana ta zagaya ni. Can Iya Abu ta yi tari a cikin ɗaki. Ya tsaya cak, ya juya, ya tafi ya kwanta a bakin ƙofarta, bai sake duba ni ba. Na yi kuka tun daga nan har gida, kuma ba zan ɓoye ba, kishi ne zalla. Inna ta saurare ni, ta ce, "To ai abin da kika roƙa ke nan."

Yau gyaɗa ta ja baya a ƙasarmu, gayya ma sai labari. Ina ganin yara na jifan karnuka a bakin kasuwar Mayahi, ina tsawata musu, amma ban san mutum ashirin da zan kai wa kukan kare su ajiye aikinsu su saurara ba. Mu a lokacin ba mu ma san wani abu muke da shi ba.