Ban Koya wa Inna Tashi Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ni da ƙanwata muka dawo daga gona a Kutama, muka tarar da Inna kwance kusa da turmi. Tun hantsi ta faɗi.

A farkon ƙaddamar da Shari'ar Musulunci, ƙaramin asibitin da nake aiki a ciki babu magani, sai nake koya wa tsofaffi tashi bayan faɗuwa. Da farko a juya gefe, sannan a durƙusa, a dafa turmi ko kujera, a kafa ƙafa ɗaya, a miƙe. Inna ce kaɗai ban koya wa ba. Ni ne ɗan farinta, kunya ba za ta bari ta kwanta a gabana ba.

Ba ta sake tafiya ba. In kai ɗan fari ne, ka tura ƙanwarka ta koya wa mahaifiyarku a makon nan.