Sunan Ɗan Fari

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya jawo mana wannan al'amari, kuma yau da nake ba da labarin ba ya nan balle ya ce na ƙara gishiri. In kun ga ina share ido a yi haƙuri, tun da ya rasu hawaye ba sa neman izinina.

A shekarun tamanin muna zaune a Montreuil, gefen birnin Paris, Malam yana da ɗan shagon atamfa da turare. Wata rana ya shigo gida da wani dogon saurayi mai tsagar Gobirawa a kumatu, wanda ko sannu bai iya ba. Ya ce mini, "Ga ɗa na samo miki daga Lyon." Allah bai ba ni haihuwa ba, Malam kuwa ya san inda ke mini ƙaiƙayi.

Wasu Nasara ne, mata da miji, malaman lakwal, wato makarantar boko, suka taho da shi daga Maraɗi yana ƙarami, suka canja masa suna, ya zama ɗansu a takarda. Sun riƙe shi da kyau, ban ga laifinsu a nan ba. Ya koyi aikin lantarki, ya yi aure a Bron, gefen Lyon, har da ɗa. Amma akwai abin da ke cin sa. In ya zo gidanmu ba ya cire kwat, sai ya zauna a bakin kujera kamar mai jiran a kore shi. In ya buga tarho Malam bai ɗauka da wuri ba, sai ya ɓace, ya ɗauka an gaji da shi. Tambayarsa ɗaya ce kullum: me ya yi aka bayar da shi?

Malam ya bi ta hannun 'yan kasuwa har aka gano uwar tana raye a wani ƙauye kusa da Tibiri. Ashe yayanta ta ba wa riƙo, shi kuma yana yi wa Nasaran girki. A saninta riƙo ne irin namu, ɗa yana can yana nan, ya zo da salla, ya san ɗakin uwarsa. Sai ji ta yi an haye teku da shi.

Da ake shirin kawo ta Paris na ce, "Malam, ka tambaya ko ɗan farinta ne?"

Ya ce, "Ke dai ba ki rasa abin tonowa. Uwa da ɗanta, me zai shiga tsakani?"

Ɗan farinta ne. Kowa a wajenmu ya san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Mu mun san kunya ce, kuma ƙaunar tana ƙarƙashi. To shi wa ya gaya masa?

Ranar haɗuwar ya zo da furanni a hannu. Ya buɗe hannuwa ya nufe ta. Ita kuwa ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango, ta ce mini, "Hajiya, a ce wa wannan ya zauna ya sha ruwa." Ya tambayi Malam abin da ta ce. Malam, maimakon ya bayyana masa al'adar, sai ya ce wai ta gaji da tafiya. Saurayin ya ajiye furannin a kan firji, ya ce zai sayo sigari, mutumin da ba ya shan taba. Bai dawo ba. Jirgin ƙasa ya hau ya koma Lyon, ya daina ɗaukar tarho.

Ranar komawar tsohuwa tana matsowa, Malam yana ta cewa a bar wa Allah. Na ce, "Allah ne ya ce ka yi tafinta da ƙarya? Tashi ka yanko mana tikiti." Haka muka kama hanyar Lyon mu uku, yana gunguni, tsohuwa tana jan carbi, ni ina cika ina batsewa.

Matarsa Banasariya ce ta buɗe mana ƙofa. Tsohuwa na ganin jikanta ta sure shi, ta ɗora a cinya, tana shafa kansa tana dariya. "Angona, ina kuɗin cefane? Wannan gashi naka kamar na masara, wace mace za ta zauna da kai?" Na ce a raina alhamdulillahi, yanzu ɗan nata zai ga zuciyarta. Na waiwaya na ga ya zuba musu ido. Ya faɗi wata magana a hankali ya fita baranda. Na dunguri Malam na ce, "Wannan karon fassara mini daidai." Malam ya ce, "Cewa ya yi, ashe tana da hannuwa."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ja tsohuwa kicin na tura ƙofa.

Na ce, "Yaya, wa kike jin kunya a gidan nan?"

Ta ce, "Haba Hajiya, ɗan fari ne fa. Me mutane za su ce?"

"Waɗanne mutane? Banasariyar can, ko Malam da ba ya iya riƙe magana biyu? Ana yi wa ɗa kunya ne in ya tashi yana ganin kina ɓoye masa ƙosai a ƙarƙashin faifai. Wannan me ya gani? A ganinsa sau biyu kika yar da shi."

Ta ce, "Ni na yar da shi? Da na ji an tafi da shi sai da aka ɗaure ni da zane don kada in bi sawun mota."

Na ce, "To ni kike gaya wa? Ni da na kwana ina roƙon ko da guda, ga ki da naki tsaye a baranda kina kallon bango."

Ta gyara mayafinta. Sannan ta fita ta tsaya a bayansa, ba ta dube shi ba, idonta na kan dogayen benayen unguwar. Ta kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, wanda shi kansa bai san da shi ba. Muryar ta fito da ƙyar, kamar ƙofar da ta shekara a rufe. Ya juyo ya tambayi Malam. Malam ya ce, "Sunanka ne." Ya roƙa ta sake faɗi. Ta ce mini, "A ce masa sau ɗaya ma ya isa, kada ya maishe ni marar kunya." Amma ta ɗora tafin hannunta a kan tsagar kumatunsa, ta ce a gaya masa ita ta riƙe shi ranar da wanzami ya yi ta, kuma ba ta taɓa bayar da shi kyauta ba. Malam ya fassara, ina tsaye a kansa ina sauraro da ɗan Faransancin kasuwa da nake ji, don kada ya rage ko kalma.

Ba zan ce ya warke a ranar ba. Ya ci gaba da ɓacewa in ransa ya sosu, har na gaji da aika masa da faɗa ta bakin matarsa. Amma ya raka uwarsa filin jirgi, daga baya ya je ƙauyen da ƙafarsa. Ranar da Malam ya rasu, shi ya fara isowa daga Lyon. Ya cire kwat ɗinsa ya rataye a bayan ƙofa, ya shiga cikin masu ɗaukar makara. Ni kuwa tunda ba ni na haife shi ba, sunan nan nake kiransa da shi, da ƙarfi, ko a tsakiyar metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa.