Na Yi Wa Daji Shara a Kosta Rika

Mun tashi da asuba daga Laurel, garin da muke zaune a Amurka, sanyin ƙarshen Nuwamba yana cizon kunne. Mu uku ne: ni, maigidana, da 'yarmu mai shekara shida. Abokan aikinsa na asibiti ne suka haɗa tafiya zuwa wani daji a Kosta Rika, inda masu bincike suke zaune suna nazarin itatuwa da dabbobi, baƙi kuma su biya su kwana su yi kallo. Ni dai ban so ba. Ya ce saboda yarinyar za mu je. Malamarsu ta gaya mana ba ta fita wasa da yara, ko ƙuda ta gani sai ta ƙanƙame mutum tana kuka. Ya dube ni ya ce, "A wurin wa kike jin ta koya?" Gaskiyarsa, don ni ce mai ɗaukarta cak duk lokacin da muka zo ciyawa.

Daga filin jirgin Baltimore har muka sauka hannunta yana cikin nawa. Jakata kuwa rabinta maganin sauro ne da safa, sai yajina a ƙasa. Bas ce ta ɗauke mu ta hau duwatsu, hanya sai murɗewa take, hazo ya rufe gaba, direba yana hira abinsa ni ina salati. Da muka gangara sai gonakin ayaba iya ganinka, kowane nonon ayaba an sa masa shuɗiyar leda. A bakin hanya muka sha ruwan kwakwa mu uku da kuɗin da ba zai sayi shayi ɗaya a filin jirgi ba. Mutanen suna da fara'a, ko ba ka jin yarensu sai sun gaishe ka.

Wata gadar igiya muka tsallaka muka shiga wurin. Zafi da gumi kamar Lakwaja, itatuwa kuma har sai wuyanka ya gaji ba ka ga ƙarshensu ba. Wani dattijo mai yi wa baƙi jagora ya jera mana dokoki: a sa dogon takalmin roba, a zazzage shi kafin a zura ƙafa, kar a bar hanya, kar a kashe komai, kar a ba biri abinci. Turancina na gidan tsofaffin da nake aiki ne, don haka maigida ke fassara min. Ku shaida, ba wanda ya ce kar a yi shara.

Abincinsu ya kwantar min da hankali. Shinkafa da wake ne safe da rana, da soyayyen filanten. Na barbaɗa yaji, sai ga garau-garau a ƙasar mutane.

Washegari wasu birai suka tashe mu da gurnani, na rantse na ɗauka zaki ne. Bayan na yi sallah na leƙa bayan ɗakin katakon da aka ba mu. Ganye ne jibge, jiƙaƙƙe, har gindin matakala. Ga wasu 'yan sanduna da zare da ƙyallaye masu launi, na ɗauka ado ne. A ƙauyenmu na wajen Zariya, Inna ba ta barin ganye ya kwana kusa da ɗakin yara. Takan ce ƙasa in ta sha shara ba ta ɓoye sawun maciji. Ga tsintsiya a baranda, ga 'yata tana barci. Na ɗaura zani na share wurin tas, na tara ganyen gefe guda, har ina jin daɗi.

Can sai ga wata budurwa siririya da akwatin aiki a kafaɗa. Tana ganin wurin ta ɗora hannu a ka. Ashe ɗaliba ce, watanni ta yi tana ƙirga wasu ƙananan kwaɗi da ke zama a ƙarƙashin ganyen, zaren nan kuma iyakar filinta ne. Dattijon ya zo, maigida ya fito da buroshi a baki.

"Hajiya," ya ce, "daji muka zo gani, ke kuma kika yi masa shara?"

"Yallaɓai, bar wasa, ka tambaye su ko korarmu za su yi."

'Yata ta fito ta maƙale a zanina, tana tambaya da Turanci ko 'yan sanda za su zo. Wannan ya fi komai ci min rai. Mun ƙetare teku don ta daina tsoro, ga shi na ƙara mata wani.

Na ce wa maigida ya gaya wa budurwar maganar Inna. Ta saurara idonta jawur, sai kuma ta yi dariya. Ta ce kakarta ma haka take share tsakar gida, kuma saboda maciji ne. Ba ta ɓoye min ba, ƙirgen wannan filin ya lalace, sai ta sake daga farko. Amma ta ce a mayar da ganyen kafin rana ta ɗaga, kar kwaɗin su bushe. Ta ce macizai akwai su, shi ya sa ake fara juya ganye da sanda kafin a kai hannu. Ta miƙo min safar hannu.

Sai na ji ƙaramar murya a gefena: "Mommy, ni ma?"

Wallahi "a'a" ta riga ta zo bakina. Na kalli tulin ganyen, na kalli takalminta, na haɗiye maganar. Na ce, "Zazzage takalminki tukuna."

Budurwar tana juyawa da sanda, mu muna ɗiba muna shimfiɗawa. Sai yarinyar ta ƙwalla ƙara, na zabura na yo kanta. Ashe murna ce. Kwaɗo ta gani, bai fi farcen babban yatsa ba, ja jawur, ƙafafunsa shuɗaye kamar ya sa wandon jins. Aka ce kallo kawai, ba a taɓawa. Ta tsuguna ta daɗe, ta manta da ni gaba ɗaya. Sauran kwanakin ita ce a gaba a bayan dattijon, tana nuna min tururuwa masu ɗauke da ganye a ka kamar masu talla. A ranar tafiya na bar wa budurwar ragowar yajina, ta ɗanɗana har ta yi hawaye.

Mun dawo Laurel da yamma, muka tarar iska ta tara ganye a gaban gininmu, yaran maƙwabta suna tsalle a ciki. Abin da na koyo shi ne tsoron bai bar ni ba, kuma Inna ba ta yi ƙarya ba. Sai dai akwai wurin shara, akwai wurin da za ka duba da sanda ka bar yaro ya wuce. 'Yata ta ɗago ta kalle ni. Na tsinci wani reshe na juya ganyen sau biyu, sannan na saki hannunta.