Mama Milka da Kyanwa Mai Ciki

Rabin mutanen layinmu a Zonkwa ta hannun Mama Milka suka shigo duniya, har da ni. Shekara talatin tana karɓar haihuwa kafin hannunta ya fara rawa. Tun ranar da kofin shayi ya suɓuce mata a taron zumuntar mata magana ta bazu, masu ciki suka riƙa wuce ƙofarta a kan babur zuwa asibiti, sai dai su ɗaga mata hannu. Ban ce sun yi laifi ba, amma ko shawara ba a zuwa nema, kamar ba ta taɓa sanin komai ba. Abin ya ci mata rai, ni ma ya ci mini.

Bara da damina wata ramammiyar kyanwa ta shiga ɗakin da take ajiye acca. Mama ta shafa cikinta sau ɗaya ta ce, "Wannan yana da ciki. Huɗu ne, saura sati uku."

Shi ke nan aiki ya samu. Sai dai ta ɗauki kyanwar kamar macen mutum, ta dafa mata faten acca da yakuwa da gauta. Kyanwa ta sunsuna ta juya baya. Faustina mai sayar da kifi, maƙwabciyarmu, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Mama, kyanwa ba ya cin ganye! Sai ki dama mishi kunu kuma."

Mama ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarta, a na uku ta je da kwano ta karɓo kawunan kifi. Takan dafa su ba gishiri ba barkono, ta zauna ta cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya da hannun nan mai rawa, ta marmasa dafaffen ƙwai a kai. Kaɗan-kaɗan take ba ta, sau huɗu a rana, wai ciki ya tare wurin abinci. Ta hana kowa zuba maganin ɓera a gidan, ta shimfiɗa tsohon zane a kwali bayan buhuna.

Wata Lahadi muna shirin tafiya sujada naƙuda ta tashi. Uku suka fito lafiya. Na huɗun ya zo a lulluɓe cikin jakarsa, ba motsi, uwar kuma ta gaji ko kallonsa ba ta yi ba.

Faustina ta ce, "Ya mutu, Mama. Bar shi."

Mama ta dubi hannuwanta suna karkarwa, ta dube ni. "Ɗiyata, kawo tsumma da zare, ki riƙe mini gwiwar hannu."

Na riƙe. Ta yage jakar da farce, ta share masa hanci, ta yi ta murza bayansa har na fid da rai. Can sai muka ji ɗan siririn kuka. Ta ƙulle cibiyar da zare, ta kai shi ga nono. Wallahi ranar na yi alfahari da ita har na yi hawaye.

Da yamma Edna, 'yar Faustina, ta shigo da cikinta wata takwas, ta durƙusa. "Mama, in lokacina ya yi, ke nake so ki raka ni asibiti."

Mama ta ce, "Za mu gani." Edna na fita Mama ta ce in sauko mata da jakarta ta karɓar haihuwa daga kan kabad, in kakkaɓe.