Kafaɗar Malam Misbahu

Malam Misbahu mutumin Funtuwa ne, kuma a duk Hausawan garin Laurel na Amurka babu wanda ya taɓa jin ya ce wash. Cacar biza ce ta kawo shi Amurka a 2003, shi da matarsa Juwairiyya. Ya samu aiki a wani katafaren sito, yana ɗaga kwalaye daga safe zuwa la'asar. Ko zazzaɓi na kaɗa shi haƙora na haɗuwa, ka ce masa ya jiki, zai ce maka da sauƙi. Haka ya taso ya ga ubansa na yi, har ranar da tsohon ya cika yana cewa da sauƙi.

Wata rana da azahar a 2012, ɗan sanda ya tsayar da shi saboda fitilar bayan motarsa ta mutu. Mutumin naka ba a taɓa tsayar da shi ba, don tuƙinsa ko tsohuwa sai ta yi masa hon. Sai ya yi abin da duk ɗan mutunci zai yi a hanyar Zariya: ya buɗe ƙofa, ya fito, ya nufi ɗan sandan da fara'a zai gaishe shi. Ai zama a mota hukuma na tsaye rashin tarbiyya ne. Bai gama barka da rana ba ya ji shi a ƙasa, fuska a kwalta, gwiwar ƙato a gadon bayansa, an murɗe masa hannun dama har kafaɗar ta ba da ƙara.

Da motar asibiti ta zo aka tambaye shi ina ke ciwo, bawan Allah ya ce ba komai. Kafin a tafi da shi har sannu da aiki ya yi wa ɗan sandan. Wallahi kuwa.

An yi aiki a kafaɗar, amma hannun bai ƙara wuce ƙirji ba. Sito kuwa ba wurin mai hannu ɗaya ba ne, aka sallame shi da murmushi. Juwairiyya ce ta tasa shi gaba zuwa garin Wheaton, ofishin Barista Pauline Dalyop, wata 'yar Jos mai baki, a saman shagon manja da busasshen kifi. Baristar ce ta shigar da ƙarar 'yan sanda kan cin zarafi. Sai ta gano cewa duk likitan da ya duba shi, amsa ɗaya ya samu.

"Baba, don girman Allah, me ka ce wa likitan?"

"Na ce da sauƙi."

"Da sauƙin ne?"

"To Barista, mutum ya tambaye ni da arziki, sai in hau yi masa raki kamar yaron goye?"

"Da wannan sauƙin naka lauyansu zai binne mu. Aiki ya riga ya tafi. In ba ka buɗi baki gaban alƙali ka ce kana jin ciwo ba, shari'ar ma ta tafi. Da me za ku ci?"

Ta sha zaunar da shi suna gwaji, ita ce lauyan 'yan sanda, shi ne shi. Iyakar abin da ta iya tatsa daga bakinsa shi ne "a'a, ana dai lallaɓawa." Har cewa ta yi ta gwammace kare ɓarawo, shi ko ba komai ya san amfanin kuka.

Aka shiga kotu da zafin bazara, Malam cikin kwat ɗin da Barista ta tilasta masa. Lauyan 'yan sanda, wani mai laushin murya, ya matso ya tambaye shi cikin ladabi yadda kafaɗar take yau. Ladabin ne ya kashe shi. Ya ce da sauƙi, ya ƙara da na gode. Pauline ta dafe kai.

Gumi kuwa na tsiyaya daga gemunsa. Alƙaliyar, wata dattijuwa, ta ce ya cire kwat ɗin in zafi ya dame shi. Umarnin hukuma ne, ya miƙe zai cire. Hannun hagu ya fita. Na dama ya ƙi. Ya karkace, ya ja, ya cije leɓe, kwat na reto a kafaɗa ɗaya, duk kotu ana kallonsa. Kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Juwairiyya ba ta nemi izinin kowa ba. Ta taso daga benci, ta tallafe gwiwar hannun, ta zare rigar a hankali, da gwanintar wadda ta saba.

Alƙaliyar ta tambaye shi wa ke saka masa riga a gida. Ya nuna matarsa. Tun yaushe? Tun ranar. Lauyan can ya miƙe zai yi magana, Malam ya riga shi.

"Ranki ya daɗe, ciwo take yi," ya ce. "Kullum. Ba na iya barci a kanta. Kuma ranar na ji tsoro, na ɗauka kashe ni zai yi."

Sun ci shari'ar daga baya, Barista ta yi ta tsokanarsa cewa kwat ɗin ya fi shi iya shaida. Amma a ranar, Juwairiyya tsaye ta yi rungume da kwat tana hawaye. Ita ke saka masa riga kowace safiya, ita ke jin juyinsa a gado, amma sai yau, a gaban baƙi, ta fara ji daga bakinsa.