Ranar da Muka Nemi Ragi a Lissafin Birki

Shekarun baya, kawuna da ke sana'ar fawa a Agege ya sayi tsohon keke napep, ya sa mai walda ya yanke bayansa ya ɗora masa dogon akwati na kwasar nama daga mayanka. Keke ya yi tsawo, ya yi nauyi, birki kuwa na nan ɗan mitsitsi. Bakanike ya ce bai san girman da zai riƙe shi ba. Sai aka juyo kaina, wai ni ne ɗan boko mai waya.

Na samo wani shafi a intanet mai lissafa girman birki. Wallahi tambayoyinsa kaɗai sun sa ni gumi. Faɗin taya, tsayin tsakiyar nauyi, wani abu wai fistin. Ni da ko keken hawa ban taɓa kwancewa ba! Muka yi ta aune-aune da tef ɗin tela, rabi sani rabi kame-kame. Ƙarshe shafin ya ce sai birkin da ya kusa ninka namu.

Kawu ya leƙo. "Wa ke karɓar maganar farko? Rage masa nauyin keken, mu ji."

"Kawu, ba ciniki ba ne fa."

"Kai, rage!"

Na rage, ya ƙi. Kawu ya ce, "Albarka ya ce ke nan. Ƙara ragewa." Kaina ya ɗaure, har na fara ganin kamar yana da gaskiya. Muka yi ta ragewa sai da shafin ya yarda da birkinmu. Kawu ya tafa, wai shafin ya sallama.

Washegari aka loda nama, kawu ya tuƙa, ina gefensa. A gangaren gada wata danfo, motar haya, ta tsaya a gabanmu. Kawu ya taka birki, keke ya ce bai san zancen ba. Salati muke, ina jiyo ƙaurin ƙarfe. Da ƙyar ya karkata muka daki tarin yashi. Ba wanda ya ji ciwo, amma na ga lahira kusa.

Kawu ya sauko ya duba keken. Can ya ce, "Koma ka ce wa shafin nan mun saya a yadda ya faɗa da farko."

Har gobe ban gane rabin tambayoyin shafin nan ba. Na dai san shi muka yi wa wayo, gangara ba ta cikin cinikin.